Yadda Ake Zaɓen Maganin Ciwo ga Mai Shan Maganin Tsinka Jini

Na rubuta wannan bayani ne domin wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini, wato maganin da ke hana jini saurin daskarewa, da kuma wanda yake jinyar irin wannan mutum a gida, ko ɗa ne ko mata ko ƙane. Na daɗe ina aiki a ɗakin bayar da magani na asibiti, kuma aikin da zan koya maka na yi shi sau ba adadi: a zazzage ledar magungunan majiyyaci a kan tebur, a ware waɗanda za su zauna lafiya da maganin tsinka jini, a fitar da waɗanda za su iya jawo masa zubar jini. Masu shan wannan magani suna da yawa a cikinmu. Akwai wanda aka sa wa bawul na ƙarfe a zuciya, wato 'yar ƙofar da ke buɗe wa jini hanya ta rufe, da mai bugun zuciya marar tsari, da wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa ko a huhu, da mai jegon da zuciyarta ta kumbura bayan haihuwa har gudan jini ya taru a ciki. Dukkansu kuwa kai zai yi musu ciwo wata rana, haƙori zai motsa, gwiwa za ta yi tsami, ga kuma kemis a bakin layi.

Kayan da za ka tanada

Abu na farko shi ne dukkan magungunan da ke cikin gidan, kowanne da kwalinsa ko takardar da aka naɗe shi, har da wanda ke cikin aljihun riga, da na ƙarƙashin matashi, da man zafi, da jiƙe-jiƙen gargajiya. Sai katin asibiti, tare da takardar da ake rubuta sakamakon gwajin jini idan maganin tsinka jinin da ake sha shi ne warfarin. Sai littafi ƙarami da biro, da robobi biyu masu murfi waɗanda launinsu ya bambanta, da waya mai kyamara, domin rubutun jikin kwali ƙanana ne, kuma idan ka ɗauki hotonsa ka buɗa shi ya fi karantuwa. Ka nemi paracetamol zalla mai nauyin miligiram 500, da tawul, da tsumma mai tsabta ko bandeji, sannan lambar wayar likita ko ma'aikacin jinyar da ke duba majiyyacin. Idan babu mai karanta boko a gidan, a kwashi ledar gaba ɗaya a kai wa mai harhaɗa magunguna na asibiti, a yi wannan aiki tare da shi. Sunayen magunguna zan rubuta su ne yadda suke a jikin kwali, saboda harafi da harafi za ka riƙa gwadawa.

Mataki na 1: Tabbatar da wane maganin tsinka jini ake sha

Mutane da dama sun san launin ƙwayar amma ba su san sunanta ba. Duba kwali ka nemi ɗaya daga cikin waɗannan: warfarin, rivaroxaban wanda ake sayarwa da sunan Xarelto, apixaban ko Eliquis, dabigatran ko Pradaxa, sai allurar enoxaparin da aka fi sani da Clexane, wadda ake yi a fatar ciki. A Nijar da Kamaru da Chadi an fi cin karo da acenocoumarol mai suna Sintrom, wanda aikinsa irin na warfarin ne, kuma duk abin da zan faɗa a kan warfarin ya hau kansa. Akwai kuma clopidogrel ko Plavix, da ƙaramar asfirin mai miligiram 75 irin su Vasoprin, waɗanda su ma suna rage daskarewar jini ta wata hanya daban. Rubuta sunan, da nauyin ƙwayar, da lokacin sha, da dalilin da ya sa aka bayar, a shafin farko na littafinka, sannan ka kwafe su a ƙaramin kati da majiyyaci zai riƙa yawo da shi a aljihu.

Mataki na 2: Fahimci inda haɗarin yake

Jiki yana da hanyoyi biyu na tsayar da jini idan jijiya ta fashe. Da farko wasu ƙananan ƙwayoyin jini da ake kira filatilet suna ruguwa su manne a bakin raunin, kamar yadda ake cusa ƙasa a bakin kwari idan ruwa ya ɓalle. Daga nan sai wasu sinadarai da hanta ke haɗawa su zo su saƙa zare a kai, toshiyar ta yi ƙarfi. Warfarin da 'yan uwansa suna raunana hanya ta biyu da gangan, sai jiki ya dogara da ta farko. Magungunan ciwo irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin kuwa ta farkon suke raunanawa, kuma ba su tsaya nan ba, suna rage majinar da ke lulluɓe bangon ciki tana kare shi daga ruwan tsami, har gyambo ya buɗe. Ka ga ke nan maganin ciwon ya yi rauni a ciki, ya kuma hana a toshe shi, alhali maganin tsinka jini ya riga ya kwance ɗaya hanyar. Bugu da ƙari suna takura ƙoda, ita kuwa ƙoda ita ce ke fitar da sababbin magungunan tsinka jini irin su rivaroxaban da apixaban daga jiki, musamman ma dabigatran, don haka idan ta gaza sai maganin ya taru ya wuce kima.

Wani bincike da aka yi a ƙasar Denmak a kan mutum sama da 51,000 masu shan maganin tsinka jini saboda gudan jini a ƙafa ko huhu, wanda aka fitar a 2024, ya nuna cewa haɗa shi da irin waɗannan magungunan ciwo yana ninka haɗarin zubar jini a cikin jiki fiye da sau biyu kaɗan. Da ibuprofen ya kusa ninki biyu, da diclofenac ya haura ninki uku, da naproxen ya kai ninki huɗu. Na kawo wannan ne saboda masu cewa tunda sun bar warfarin sun koma sabon magani mai tsada, haɗarin ya wuce. Bai wuce ba.

Mataki na 3: Zazzage leda ka karanta abin da ke cikin kowane magani

A nan aikin yake, kuma a nan aka fi yin kuskure, domin mutane suna karanta babban sunan da kamfani ya laƙaba, su bar ƙananan rubutun da ke bayyana sinadaran da ke ciki. Ɗauki kowane kwali ka nemi waɗannan sunaye: ibuprofen, diclofenac, aceclofenac, piroxicam, naproxen, indomethacin, meloxicam, mefenamic acid, ketorolac, celecoxib, aspirin ko acetylsalicylic acid. A kwalin da aka rubuta da Faransanci za ka ga ibuprofène, diclofénac, ko acide acétylsalicylique, kamar yadda yake a jikin Aspégic. Duk wanda ka ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinsa, jefa shi a roba ta farko, wadda za ta bar ɗakin majiyyaci; waɗanda za su zauna lafiya da maganin tsinka jini kuma su shiga roba ta biyu.

Sanannun sunayen da za ka tarar su ne Brufen, da Cataflam, da Voltaren, da Feldene wanda mata ke sha saboda ciwon mara, da Ponstan. Waɗanda suka fi yaudara su ne gaurayayyu. Ibucap ana ɗaukarsa ɗan uwan paracetamol ne, alhali akwai ibuprofen a cikinsa. Garin Alabukun da direbobi da leburori ke kaɗawa a ruwa asfirin ce mai yawa haɗe da kafeyin, kuma ƙunshi ɗaya ya ninka ƙaramar asfirin ta masu ciwon zuciya kusan sau goma. Wasu magungunan mura da na ɓacin ciki masu tafasa a ruwa su ma da asfirin a ciki. Ita asfirin kuma tana da wani hali da ya kamata ka sani: filatilet ɗin da ta taɓa ba ya farfaɗowa, sai jiki ya ƙera sababbi, abin da ke ɗaukar kwana bakwai zuwa goma. Ƙunshi ɗaya da aka sha ranar Juma'a yana nan yana aiki har wata Juma'ar.

Sai babbar matsala, wato haɗi. Ina nufin ƙwayoyin nan huɗu ko biyar masu launi daban-daban da ake ƙullawa a leda ko takarda da sunan maganin gajiya ko na ciwon jiki, babu suna babu kwali. Sau da yawa idan muka warware su muna samun maganin ciwo iri biyu daga jerin da na lissafa, ga kuma prednisolone ko dexamethasone, waɗanda ke ƙara haɗarin gyambon ciki idan an haɗa su da na farkon. Na tuna wani dattijo manomi da ke shan warfarin saboda bugun zuciya, mutum mai kiyaye ranar asibiti ƙwarai. Lokacin girbi bayansa ya riƙe, ya aiki jikansa ya sayo masa haɗi, ya yi mako guda yana sha safe da yamma. Bayan gidansa ya koma baƙi, ya ɗauka miyar kuka ce, bai gaya wa kowa ba, sai da ya yanke jiki ya faɗi a wajen alwala. An ƙara masa jini leda uku kafin ya dawo hayyacinsa. Da na tambaye shi ko ya sha wani magani, sai ya ce a'a, don shi a ganinsa maganin gajiya ba ya cikin lissafi. Tun daga ranar na daina tambayar mutane ko sun sha magani, sai dai in ce su faɗa mini duk abin da suka haɗiya. Ƙwayar da ba ta da suna, wurinta roba ta farko, ba tare da gardama ba.

Gargaɗi ɗaya a nan: idan likita ne da kansa ya haɗa wa majiyyaci ƙaramar asfirin ko clopidogrel da maganin tsinka jini, misali bayan an sa masa ƙarfen buɗa jijiyar zuciya, kada ka cire da kanka. Amma idan tsohuwar asfirin ce da aka rubuta shekaru da suka wuce saboda hawan jini, aka ci gaba da saye bisa sabo, to ka kai wa likitan da ya rubuta maganin tsinka jinin ka tambaye shi ko har yanzu ana bukatarta, domin sau da yawa bai ma san ana shan ta ba.

Mataki na 4: Idan ciwo ya taso, fara da paracetamol bisa ƙa'ida

Paracetamol ba ya ƙona ciki kuma ba ya kwance filatilet kamar waɗancan, shi ya sa ya zama zaɓin farko. Babban mutum zai sha ƙwaya ɗaya ko biyu masu miligiram 500, ya bar aƙalla awa huɗu zuwa shida kafin ya sake, kuma kada ya wuce ƙwaya takwas a cikin awa 24. Tsoho mai rauni, da wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, da mai ciwon hanta, nasu ya gaza haka, sai likita ya ƙayyade musu. Panadol da Doliprane da Efferalgan duk paracetamol ne, kuma yana ɓoye a cikin magungunan mura da yawa, don haka a haɗa lissafin gaba ɗaya kada a ninka ba a sani ba.

Ga mai shan warfarin ko Sintrom akwai ƙarin sharaɗi da mutane ba su cika sani ba. Shan paracetamol jefi-jefi ba komai, amma idan aka ɗauki kwanaki a jere ana shan ƙwaya huɗu ko fiye a kullum, yana iya ƙara wa warfarin ƙarfi. Ana gane haka ta gwajin jinin da ake kira INR, wanda ga yawancin marasa lafiya ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3, ga wasu masu bawul na ƙarfe kuma tsakanin 2.5 da 3.5. Saboda haka rubuta kowace ƙwaya da ranar da aka sha a littafinka, kuma idan an kai kwana uku ana sha a kai a kai, a je a yi gwajin ba sai ranar asibiti ta zo ba. Idan garinku babu inda ake gwajin, a tsaya a mafi ƙarancin abin da zai kwantar da ciwon, a kira asibiti a waya, a shirya tafiya.

Mataki na 5: Taimaka wa maganin da abin da ba a haɗiya

Ciwon baya da na gwiwa da sanƙarar wuya suna sauƙi da gashi da tawul mai ɗumi na kamar minti goma sha biyar. Sabon targaɗe ko kumburi kuwa sanyi yake so, a naɗe ƙanƙara ko ledar ruwa mai sanyi a tsumma a ɗora, a ɗaga ƙafar sama. A guji tausa mai ƙarfi da murzar mai ɗori, domin jini na iya taruwa a cikin tsoka. Man zafi ma a yi hattara da shi, saboda da yawansu irin su Robb da Aboniki suna ɗauke da methyl salicylate, ɗan uwan asfirin, wanda ke ratsa fata, kuma an sha ganin ya ƙara wa warfarin ƙarfi ga masu shafe jiki da shi kullum. Man diclofenac na shafawa kaɗan ne ke shiga jini idan aka kwatanta da ƙwaya, amma shi ma sai da izinin likita, a ƙaramin wuri, na 'yan kwanaki, kuma ba a kan rauni ba.

Mataki na 6: Idan paracetamol ya gaza, nemi tushen ciwon

Kuskuren da aka saba shi ne a ce tunda wannan bai yi ba, bari a nemo mai ƙarfi. Ciwon haƙori likitan haƙori ne maganinsa, kuma a gaya masa ana shan maganin tsinka jini kafin ya taɓa bakin. Zazzaɓi a yi gwajin maleriya. Mace mai ciwon mara da jinin al'ada mai yawa ta faɗa wa likita, domin maganin tsinka jini da kansa yana ƙara yawan jinin, Feldene kuwa zai ƙara dagula lamarin. Kada a yarda da allurar ciwo a ɗuwawu, wadda galibi diclofenac ce, don ban da illar maganin, hudar allurar kanta na iya tara jini a tsoka. Tramadol ba abin saye a kemis ba ne, kuma shi ma yana iya ɗaga INR. Haka nan idan an rubuta Flagyl ko Septrin ko fluconazole, ko man baki na miconazole, a tuna wa mai rubutawa cewa ana shan warfarin, domin dukkansu suna ƙara masa ƙarfi sosai.

Wani lokaci likita zai auna ya ga babu makawa sai an ba da ɗaya daga cikin magungunan roba ta farko. Idan haka ta faru zai ba da mafi ƙarancin awo na 'yan kwanaki, ya haɗa da maganin kare ciki irin su omeprazole, ya kuma sa ido. Sai dai omeprazole ciki kawai yake karewa, ba ya hana jini zuba a ƙwaƙwalwa, don haka kada wani ya saye shi ya ɗauka ya sami lasisin shan Brufen. Cika ciki da tuwo kafin a sha ma ba ya kawar da haɗarin. Ƙaho da tsaga da cire haƙori a wajen wanzami duk a ajiye su, haka ma jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, da garin citta ko tafarnuwa ko kurkur da ake sha da yawa a matsayin magani. Ɗan abin da ake sawa a miya ba shi ne abin tsoro ba.

Mataki na 7: Idan an riga an sha

Kada a firgita, ƙwaya ɗaya ba ta cika yin ɓarna ga wanda ba shi da gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba. A daina nan take, a rubuta sunan abin da aka sha da adadinsa da ranakun, a kira asibiti. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a dakatar da maganin tsinka jini don a rama kuskuren. Mai bawul na ƙarfe da ya bar warfarin na 'yan kwanaki, jini na iya daskarewa a kan bawul ɗin ko gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Likita ne kaɗai zai ce a tsallake ko a rage.

Mataki na 8: Duba alamomin zubar jini kullum

Na tsawon mako guda bayan kuskure irin wannan, a riƙa duba bayan gida da fitsari da hasken rana ko tocila. Bayan gida baƙi mai danƙo kamar kwalta, mai wari na daban, jini ne da ya narke a ciki. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe shi ma yana baƙanta bayan gida, amma nasa ba ya yin danƙo da irin wannan wari, kuma idan an yi shakka a ɗauka jini ne har sai asibiti ya ce ba shi ba ne. Sauran alamomin da ke sa a tafi asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne, su ne aman jini ko amai mai kama da garin kofi, fitsari ja ko mai launin shayi, jiri da haki da fari fat na tafin hannu da cikin ido, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, karkacewar baki, ruɗewa, ko mutuwar hannu ko ƙafa. Wanda ya faɗi ya bugi kai, ko a banɗaki ko daga kan babur, a kai shi ko da ya tashi yana dariya, domin jinin cikin kai yakan taru a hankali.

Haɓo kuwa a zaunar da mutum ya sunkuya gaba, a matse tattausan ɓangaren hanci minti goma zuwa goma sha biyar ba tare da an saki don leƙawa ba. Kada a ɗaga kai sama, jinin zai gangara maƙogwaro ne kawai. Yanka a danne shi da tsumma mai tsabta na tsawon wannan lokaci. Idan bai tsaya ba, ko dasashi yana ta tsiyaya, ko manyan tabon taruwar jini suna fitowa a fata ba tare da buguwa ba, a kama hanya. A tafi da katin aljihun nan da robobin biyu, a kuma faɗa wa ma'aikacin farko da aka tarar sunan maganin tsinka jinin da sa'ar da aka sha na ƙarshe, domin da wannan ne za su san ko allurar bitamin K za su ba da, ko ruwan jini, ko wani abu daban.